Zagaye na Shida

Mahaifin Genival garin rogo yake sayarwa a kasuwar birnin Caruaru, kuma a iya sanin mutane bai taɓa auna wa kowa ya ɗaure bakin leda haka nan ba. Sai ya cika ma'auni ya juye, ya dubi fuskar mai saye, sannan ya cusa hannu cikin buhu ya damƙo ya watsa a kai. "Ga gyara," in ji shi. Matarsa ta yi mita har ta gaji. Tsohon bai bar wa 'ya'yansa gona ba, bai bar musu ko akuya ba. Wannan hannun kawai ya bar wa Genival, kuma shi ne ya karya wa wata yarinya 'yar shekara takwas wuyan hannu a bikin waliyyi São João na bara. Zan faɗa muku yadda aka yi, don na gaji da jin masu cewa wai sakaci ne, wai tsufa ne. Ba ko ɗaya. Shekara ashirin da 'yan kai katangarmu ɗaya da mutumin nan, na san shi ciki da bai.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya bi masu lilon yawo, waɗanda ke ɗaure kayansu a bayan babbar mota suna bin bukukuwan waliyyai gari-gari. Ya yi dakon ƙarafa, ya kwana ƙarƙashin mota, ya bar rabin ɗan yatsa a cikin sarƙar inji a wani ƙauye da shi kansa ya manta sunansa. A wannan yawon ya haɗu da Neide tana sayar da alewar gyaɗa a bakin coci. Ita ce ta ce masa atafau ba za ta auri mutumin da gidansa ke da tayoyi ba. Da aka buɗe filin wasa na Jurema Azul a bakin babban titi, sai ya je neman aiki, aka ba shi lilon dawakai. Shekara ashirin da shida ya yi yana tsaye a gindinsa. Allah bai ba su haihuwa ba, shi da Neide, kuma ba ya son a yi masa maganar.

Lilon tsoho ne, dawakan katako ashirin da huɗu, ba irin na yanzu da ake danna maɓalli ya tsaya da kansa ba. Sanda ce ta ƙarfe a kusa da ƙofar shiga: ka tura ya tashi, ka jawo ya tsaya. Akwai wani baƙin doki mai guntulen kunne, da shi Genival ke ƙirga. Duk ya gifta ta gaban sandar, zagaye ɗaya ke nan. Doka ta ce goma. Amma yaran garin nan kaf sun san in Seu Genival, wato Malam Genival, ya dubi fuskarka ya ga abin da ya gani, na goma sha ɗaya na nan tafe. Ba kullum ba, ba kuma don ka roƙa ba, mai roƙo ma ba ya samu. Yaron da aka kawo da takalmin aro, yarinyar da ta hau tana kuka ta fara dariya a zagaye na tara, irin waɗannan yake yi wa. Akwai magidanta yanzu da gemunsu da ke kawo nasu 'ya'yan, su nuna shi su ce, "Ka ga wancan? Ya taɓa yi mini gyara." Shi kuma sai ya taɓa bakin hula yana murmushi. Ba shi da wani abin taƙama a duniya da ya wuce wannan.

A watan Afrilun bara Dona Marluce, wato Malama Marluce, manajar filin, ta tara ma'aikata a rumfar cin abinci. Mace ce da ba ta da wasa, kuma shekara uku ta yi tana naci wurin masu filin kafin su yarda da abin da ta zo faɗa. Ta ce a cikin kwanakin São João za a ware safiya ɗaya, daga tara zuwa sha biyu, don yara masu larurar galahanga, waɗanda hayaniya da sauyin abin da suka saba ke ɗaga wa hankali, da iyayensu. Ba kiɗa, ba lasifika, ba wasan wuta, fitilu masu walƙiya duk a kashe. Ba dogon layi. An kuma ware ɗaki mai labule da katifu, inda yaro zai shiga ya huce in abin ya yi masa yawa.

"São João ba kiɗa?" in ji Cosme mai dafaffiyar masara, wanda rumfarsa ke kallon lilon Genival. "Haba Dona Marluce, ai wannan zaman makoki ne. Waliyyin ma barci zai yi."

"To ya yi barcinsa na awa uku, Cosme. Kai ma bakinka ya samu hutu."

Aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ɗaga wasu katuna masu hotuna, ta ce kowane abin hawa an yi masa nasa, kuma tun yanzu za a aika wa iyaye, don yaro ya haddace abin da zai tarar tun yana gida. Na lilon dawakai hoto biyar ne a jere: ka hau, a ɗaura maka bel, doki ya zaga sau biyar a hankali, ka kwance bel, ka sauka wurin mama a ƙofa.

"Ku buɗe kunne da kyau," in ji ta. "Da yawa daga cikin yaran nan, abin da ke kan kati shi kaɗai suka dogara da shi. Abin da aka zana shi za ku yi. Kada a rage, kada a ƙara."

Genival ya ji. Kada wani ya ce bai ji ba, shi da bakinsa ya gaya mini ya ji. Amma a kunnensa gargaɗin na masu ragewa ne, irin samarin nan da ke gajarta wa yara don su koma kan wayarsu. Ƙari kuma? Wa ya taɓa kuka don an ƙara masa? Har ya zunguri Cosme ya ce, "Biyar kacal? Kai, wannan ai rowa ce."

Ranar ta zo, Talata ce, an ɗan yi yayyafi da asuba. 'Yan tutocin takarda na kaɗawa a sama, ƙamshin masara ya cika ko'ina, amma filin shiru, har Genival yana jin kukan tsuntsaye, abin da bai taɓa ji a wurin ba. Yara suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya, kowanne da koren zare mai rawayen furanni a wuya, alamar masu larurar, wasu da abin toshe kunne. Iyayen kuwa tafiya suke a ɗarare, suna waige-waige, irin ta mutanen da suka saba a harare su a cikin taro.

Wajen ƙarfe goma wata siririyar mata ta iso da 'yarta. Edilene sunanta, daga garin Toritama, ɗinkin aljihun wandon jins take yi a gida, yatsunta duk sun rine shuɗi. Yarinyar, Taina, tana sanye da rigar biki mai faci-faci, amma ba ɗigon kwalliya a kumatunta kamar sauran yara, don ba ta yarda a taɓa mata fuska. Katin da ke hannunta ya sha jiki, an manne shi da salatif a wuri uku.

"Seu Genival ko? Ina kwana. Wata biyu ke nan hotonka na manne a jikin firjinmu," in ji uwar. "Taina, ga mutumin hoton."

Yarinyar ba ta dube shi ba. Ta dubi katin, ta dubi sandar, ta ce, "Biyar."

"Biyar, ranki ya daɗe," in ji Genival.

Edilene ta matso ta rage murya. "Ba ta taɓa hawa komai ita kaɗai ba, tunda aka haife ta. Da kujerar ɗinkina mai juyawa muka yi ta gwaji, ina juya ta tana ƙirgawa. Ta ce ni in tsaya a ƙofa, don a katin mama a ƙofa take. In na hau tare da ita an ɓata ke nan. Gabana sai faɗuwa yake."

"Kwantar da hankalinki, Dona. Ban taɓa yar da ɗan kowa ba."

Taina ta zarce wurin baƙin dokin nan mai guntulen kunne, don shi ne a hoton. Genival ya ɗaura mata bel, yana kiyaye kada hannunsa ya taɓa ta. Ya tura sandar a hankali. Dokin ya zago ta gaban ƙofa, ta ce, "Ɗaya," da ƙarfi, kamar mai amsa wa malami. Ya sake zagowa, "Biyu." A na uku sai ga wata irin dariya ta kuɓuce mata, 'yar siririya, ta ɗaga fuska sama iska na kaɗa mata gashi. Uwar na jin haka ta rufe fuska da hannu biyu, ta juya baya don kada 'yar ta ga tana kuka.

Genival ya ga dariyar, ya ga kukan. Baƙin doki ya gifta na huɗu, ya gifta na biyar. Ya rantse mini bai yanke shawarar komai ba. Hannun ne kawai bai jawo sandar ba, yadda ya saba shekara ashirin da shida. Har murmushi yake, yana cewa a ransa, ungo 'yata, ga gyara.

"Biyar," in ji Taina. Ta kwance bel ɗinta tsaf, ta zuro ƙafa, ta taka dandamali, ta miƙa ɗaya ƙafar ƙasa yadda katin ya ce. Lilon ya kwashe ta ya yar gefe, ta dira a kan hannunta na hagu. Da akwai kiɗa da bai ji ƙarar ƙashin ba. Babu, ya kuwa ji.

Ya fizgo sandar, amma ina! Yarinyar na ƙasa tana ihu, tana dukan kanta da lafiyayyen hannun. Ba wayyo take cewa ba, ba mama ba. "Biyar! Biyar! Biyar!" Edilene ta durƙusa ta kare mata kai da jikinta, ta ɗago ido jawur ta dubi Genival.

"Ta ruɗe da ƙirga ne. Yi haƙuri, Seu Genival, don Allah yi haƙuri, laifina ne, ni na ɗauke ido."

Kun ji fa. Ita ke ba shi haƙuri. Shi kuma ya tsaya riƙe da hula, ya bar ta a haka.

Da rana, bayan an tafi da yarinyar asibiti, Dona Marluce ta kira shi ofis don cike takardar rahoto. Ta tambaye shi abin da ya faru. Ya ce, "Ta kwance bel ta sauka lilo na tafiya." Gaskiya ne, ba ƙarya a ciki. Ta rubuta, sannan ta karanta masa: "Yarinyar ta sauka kafin zagayen ya cika. Haka ne?" Ta miƙo masa biro.

Ba wanda ya ƙirga a filin nan sai mutum biyu, shi da yarinyar da ba wanda zai saurara. Ya kuma san dokar wurin: duk wanda ya saɓa umarni har aka ji rauni, ba shi ba taɓa inji har abada. Abin a fili yake. In ya buɗe baki, an raba shi da lilo. In ya yi shiru, yarinya ta ɗauki laifin. Ya dubi biron, ya dubi guntun yatsansa, ya sa hannu.

Washegari kiɗan forró ya dawo, wasan wuta ya dawo, biki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Genival na tsaye a gindin sandarsa yana tsayar da lilo a goma cif. Yara suka riƙa leƙa fuskarsa suna jira, ba su ga komai ba. A gida Neide ta dama masa kunun masara mai kwakwa da kirfa, wanda in an bar shi yakan sha kwano uku, ya juya cokali a ciki ya ture. Ko ina ya zauna sai ya ji yana ƙirga, matakan bene, motocin da ke wucewa, kuma duk ya kai biyar sai ya tsaya cak.

Bayan sati biyu masu filin suka aiko da saƙo. Safiyar da aka shirya sake yi a watan Oktoba, ranar yara, an soke ta. Sun ce tunda an yi kati, an yi shiru, an yi komai, amma yaro ya iya dirowa daga kan inji, to ba za su ɗauki wannan kasadar ba. Dona Marluce ta karanta wa ma'aikata da idanu a kumbure. Wata uwa ma ta zo har ƙofar filin tana tambaya ko gaskiya ne, don ɗanta ya riga ya maƙala katin ɗan jirgin ƙasan filin a kan gadonsa yana jiran Oktoba.

"Ni dai tun farko na faɗa," in ji Cosme, ya miƙo masa masara mai zafi. "Irin yaran nan gida ya fi musu. Kai ma an ɗaga maka hankali a banza, abokina, dubi yadda ka zabge. Ungo, ci, ba sai ka biya ba."

Wannan ne ya fi ci masa rai. Kowa tausayinsa yake ji. Mai shara ta dafa masa kafaɗa, mai gadi ya ce Allah ya kiyaye gaba. Da wani zai zage shi da ya ji sanyi.

Ranar wata Lahadi, bayan an dawo daga coci, Neide ta ajiye masa wake da shinkafa da soyayyen busasshen nama, ta ja kujera ta zauna a gabansa ta harɗe hannu.

"Genival, ko dai wata ka samu a waje, ko kuma likita ya gaya maka wani abu kana ɓoye mini. Zaɓi ɗaya ka faɗa, don na gaji da dafa wa kare abinci."

"Shida ne."

"Mene ne shida?"

Ya gaya mata, tun daga dariyar har zuwa biron.

"Kai da hannun ubanka," in ji ta can. "Gyaran ban ga laifinka sosai ba, haka Allah ya yi ka, sakarai mai kyauta. Amma sa hannun fa? Ka ɗora wa yarinyar da ba ta iya kare kanta kayanka, ka dawo gida kana jira in lallashe ka?"

"Za su raba ni da lilon, Neide."

"Na sani. Kana tsammani ni ba na jin tsoro? Ka zauna mini a gida wuni guda ai sai na haukace. Ni ban ce ka je ba, ban ce kada ka je ba. Amma ka daina zama mini a tebur kamar gawa."

To ku ji abin da ba zan kare shi a kai ba. Bayan wannan maganar, kwana takwas ya ƙara! Kullum sai ya ce gobe zai je wurin uwar yarinyar. Ya sa riga ya cire, ya je tasha ya dawo. Sai ranar Litinin ta biyu, ranar da filin ke rufe, ya shirya da gaske. Adireshin yana kansa tun ranar da ya gan shi a saman takardar da ya sa wa hannu. Ya ɗauko wata 'yar tsana da ya saya a ɓoye zai cusa a jaka, Neide ta fizge.

"Ajiye. Ba ziyara za ka ba. Yau kam hannu wofi za ka je wurin mutane."

A Toritama kowane gida ƙarar keken ɗinki ke fita. Na Edilene gareji ne aka mayar ɗaki, wanduna jibge har rabin bango. Tana ganinsa ta tashi tana share hannu a jikin siket.

"Wayyo, Seu Genival! Har ka taso takanas? Kai, ka cika mutumin kirki. Shigo, zauna, bari in ɗora kofi."

Ya zauna a bakin kujera. Bangon kicin cike yake da katuna masu hotuna: na wanke baki, na wanka, na sa takalmi, na tafiya makaranta. A jikin firji akwai tabon salatif huɗu, inda hotonsa ya taɓa zama.

"Hannun da sauƙi," in ji Edilene tana zuba kofi. "Katunan ne suka zame mini tashin hankali. Tun ranar ta daina yarda da su. In na nuna mata na wanka sai ta ture, makaranta ma sati biyu ba ta je ba. A ganinta kati ya yi mata ƙarya. Shekara huɗu fa na yi ina gina abin nan. Sai na ce a raina, in dai ta gane ita ce ta yi kuskure, ba katin ba, za ta dawo ta yarda da su. Kullum da safe sai in zaunar da ita, in jera maɓallan wando biyar, in ce Taina, a nan kika sauka, a na huɗu. Ta ce biyar. In ce huɗu. Ta yi kuka, in yi kuka. Sati uku muna haka. Sai shekaranjiya Allah ya taimake ni. Bari ka gani. Taina! Zo, 'yata."

Yarinyar ta fito daga bayan tulin wanduna, hannunta a ɗaure cikin farin filasta. Ta tsaya tana kallon bango.

"Taina, a zagaye na nawa kika sauka?"

"Huɗu," in ji ta, murya ba hawa ba sauka. "Taina ta yi kuskure. Taina ba ta iya ƙirga ba."

"Ka ji ko?" in ji uwar, da murmushin gajiya. "Wannan na ƙarshen ba ni na koya mata ba, ita ta ƙara da kanta. Amma jiya ta yi wanka ba faɗa."

Shekaranjiya. Genival ya lissafa a ransa, ya ga inda kwanakinsa takwas suka tafi. Ya ajiye kofin a ƙasa.

"Dona Edilene, biyar ne."

"Na'am?"

"Ta ƙirga daidai. Biyar ya cika. Ni ne ban tsayar ba, na tafi na shida."

Ta dube shi kamar ba ta jin yaren. A maƙwabta keken ɗinki na ta sukuwa.

"Maimaita."

Ya maimaita.

"Injin ne ya ƙi tsayawa?"

"A'a. Na ga tana dariya, na ga kina kuka. Na so in yi mata gyara."

"Gyara." Ta zauna a kan kujerar nan mai juyawa, a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ya ce da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Hannu zai warke, likita ya ce sati shida. Ka san abin da yarinyar nan ta iya a duniya? Ƙirga. Ba ta iya gaisuwa ba, ba ta iya wasa da yara ba, cokali ma sai a hankali. Kowa gaya mata yake ba haka ake yi ba, daga safe har dare. Ƙirga kaɗai ne ba wanda ya taɓa ce mata ba haka ba ne. Ni uwarta na zaunar da ita sati uku na ƙwace shi, da bakina. Kai ka sa ni. Ranar ma haƙuri na ba ka, a gaban mutane, ka kuwa karɓa."

Ya sauko daga kujera ya durƙusa a kan siminti, nesa kaɗan da yarinyar.

"Taina, biyar ne. Ke ce daidai. Ni ne na yi kuskure, ni mutumin hoton."

"Huɗu."

"Biyar ne, 'yata."

Ta toshe kunne ɗaya da lafiyayyen hannun, ta soma jijjiga jiki. "Huɗu. Huɗu. Taina ta yi kuskure."

"Ƙyale ta," in ji Edilene. "Da baki aka ɓata, baki ba zai mayar ba. Tashi ka tafi, Seu Genival, ina da aljihu ɗari uku da zan haɗa kafin yamma."

Washegari tun kafin a buɗe ƙofa yana ofishin Dona Marluce. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ɗauko tsohon rahoton ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ni na rubuta kafin zagayen ya cika, ban tambaye ka sau nawa ba. Katina ma bai ce a jira doki ya tsaya ba." Amma doka doka ce. Aka ba wani saurayi sandar, aka mayar da Genival wurin ajiye motoci, da usur a wuya da riga mai ɗaukar ido. Da sabon rahoton ta koma wurin masu filin, ta yi ta fama har suka dawo da safiyar Oktoba. Cosme ya yi sati guda ba ya iya haɗa ido da shi, daga baya ya soma aika masa masara can bakin titi.

Abu ɗaya Genival ya roƙa, a ba shi makullin lilon ranar Litinin, da filin ke rufe, a kuma gaya wa Edilene. Bai sa ran za ta zo ba. Litinin ta farko ya wuni shi kaɗai. Ta biyu, wajen la'asar, sai ga su. Ba ta gaishe shi ba. Suka tsaya can bayan shinge, ita da yarinyar.

Ya tura sandar, dawakai ashirin da huɗu suka tashi ba kowa a kansu. Baƙin doki ya gifta sau biyar, ya jawo. Shiru. Ya sake. Ya sake. Bai san sau nawa ya yi ba, shi da ya ƙare rayuwarsa a ƙirga. Can rana ta yi sanyi, sai ya ji 'yar murya daga bayan shinge: "Ɗaya." Bai waiga ba, don kada ya kore ta. "Biyu. Uku. Huɗu." Sai ta yi shiru. Ya saci kallo ta gefen ido. Ba dokin take kallo ba, hannunsa take kallo. Dokin ya gifta na biyar, ya jawo sandar, lilon ya tsaya cak.

Ba ta ce biyar ba. Ta ce, "A sake."

Da za su tafi, Edilene ta yi masa magana ɗaya ba tare da ta dube shi ba: "Litinin ɗin farkon wata."

Tun daga nan haka ake yi. Neide na goge masa tsohuwar rigar aikinsa, ya sa hula ya tafi. Yarinyar ta koma makaranta, tana bin katunanta, an cire filasta tuntuni. Ba ta ƙara hawa dokin ba, ba wanda ya ce ta hau. Litinin ɗin da ta wuce ita ce ta goma. Da ya dawo na leƙa ta katanga na tambaye shi yaya. Ya ce ta kai huɗu, ta dubi hannunsa, ya jawo sandar a biyar. Ya ce yana ganin kamar leɓenta ya motsa.

"To ai ta faɗa ke nan!" na ce.

Ya girgiza kai yana cire takalmi. "Ban ji ba, maƙwabci. Huɗu na ji, huɗu zan ce maka. Na daina ƙari."